Ido Nawa Ne

La'asar ta yi sanyi sa'ad da Labaran maƙeri ya hau jakinsa ya bar Kankiya, ya kama hanyar Kusada. Aiki zai kai wa mai shi. Zamanin Turawa ne, shekarun da tocila ta fara shigowa ƙauyuka daga kantunan Kano, duk wanda tasa ta lalace kuwa wurin Labaran yake kai ta. Maƙerin fari ne, mai aikin azurfa da tagulla, ga hannu ga cika baki. Kullum faɗi yake, "Ni idona ne jarina." Gaskiyarsa ce kuwa, da idon nan yake ciyar da matarsa Hawwa da 'ya'yansu.

Wannan tocilar da ke cikin aljihunsa dai ba gyara ba ce, ƙira ce tun daga tushe. Wani baƙo ne dogo, mai amawali har bisa hanci, ya tsaya masa a bakin maƙera wata rana da almuru, ya ce yana son fitilar da ko Joji, Baturen mulki, bai riƙe irinta ba. Suka zauna tsara ta. Gangar jiki ta tagulla, da zane. Ƙoƙon ciki mai maido haske na azurfa, a goge shi har mutum ya ga fuskarsa. A naɗe marikin da jar fata ta dukawa. Sharaɗi ɗaya baƙon ya kafa: kada baƙin ƙarfe ya shiga cikinta, ko na ƙwayar gero.

"Ido fa?" in ji baƙon, murya ƙasa ƙasa.

Labaran ya ɗauka ɗan ƙwan nan mai kawo wuta ake nufi, saboda mutanen ƙauye haka suke kiransa, idon fitila. Yana da su cike da gwangwani. Ya buga ƙirji ya ce, "Ido nawa ne, malam. Ni zan sa mata."

"Ka faɗa," in ji baƙon. "Kuɗi kuma sai na ga aiki. Ka kawo min kasuwar tsamiya, tsakanin Kaikai da Boko."

Kai, baki shi ke yanka wuya! Mutum ya girma a ƙasar nan bai taɓa jin wata kasuwar tsamiya ba, amma ko ya tambaya. Son a yabe shi ya rufe masa kunne.

Aikin ya yi kyau, ba a magana. Wuri ɗaya ne ya gagare shi, wato sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan ta gindi mai danne batir. Ya murɗa na tagulla ya lanƙwashe, ya sake ya karye. Da ya gaji sai ya ciro na wata tsohuwar tocila, baƙin ƙarfe tsantsa, ya cusa ya rufe, ya ce wa zai leƙa can.

Yanzu ga shi a hanya. Ya wuce Kaikai rana na jan ƙafa. Dawa ta yi tsawo ta rufe hagu da dama, ba ka ganin komai sai siririyar turba. Idonsa na hagu, wanda tun ranar da ya soma ƙirar yake masa ruwa, ya shiga zafi.

Jakin ya tsaya cak. Duka, lallashi, ya ƙi. Labaran ya sauka yana zaginsa, jakin ya juya ya zura da gudu.

Sai ya ji hayaniyar kasuwa. Ana auna hatsi, ana jan awaki, wata na tallan fura. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya bugo shi, a ƙarƙashinsa kuma wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Ya kutsa cikin dawa, ya fito fili ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya.

Ya yi sallama. Babu wanda ya amsa.

Hayaniyar ta ɗauke gaba ɗaya. Mutane ne zaune a da'ira, kowa ya ja mayafi ya rufe fuska. Ya waiwaya don ya ga inda ya shigo. Karan dawa sun haɗe kamar danga.

Tsoro ya kama Labaran, tsoron da bai taɓa jin irinsa ba.

"Kawo," in ji baƙon, daga gindin tsamiyar.

Ya miƙa masa tocilar. Baƙon ya shafa fatar, ya shinshina tagullar, ya danna makunni.

Haske ya fito fari tas. A take idon Labaran na hagu ya bar ganin abin da ke gabansa. Abin da yake gani da shi yanzu fuskar wani mutum ce, baki buɗe, gumi na zuba.

Fuskarsa ce. Daga cikin fitilar yake kallon kansa.

"Ɗaya ya shiga," in ji baƙon. "Saura ɗayan. Kai ka ce ido naka ne."

"Ƙwai nake nufi! Wallahi ƙwan fitila nake nufi!"

"Mu abin da baki ya faɗa muke saye. Mu yi ciniki."

Da'irar ta matso. Ba ya jin takun ƙafa, sai jan tsumma a ƙasa. Nan Labaran ya gane abu ɗaya: ko a wannan kasuwar, kaya ba ya zama na mai saye sai mai shi ya ce ya sallama. In ya furta kalmar nan, ya makance har abada.

"Tulu cike da zinariya," in ji baƙon. "Sallama mani."

"Albarka," in ji Labaran.

"Garken shanu, farare."

"Albarka."

Suka ƙara matsowa. Numfashinsu sanyi gare shi, yana taɓa masa wuya.

"Hanyar gida," baƙon ya raɗa masa. "Ka ga Hawwa yau. A'a, ka ji muryarta dai. Sallama mani."

Wayyo, nan ne ya kusa sallamawa. Harshensa ya fara juyawa da kansa. Ya cije shi har ya ji gishirin jini.

Sai ya tuna da ha'incinsa.

"Ba a sallama kaya da aibi," ya ce. "Ba ni in gyara mata zama."

Baƙon ya miƙo gindin fitilar, bai saki marikin ba. Labaran ya kama murfin ya murɗa. Yatsunsa na zamewa. Ya sake murɗawa.

Sifirin ya yi tsalle ya faɗo masa a tafin hannu.

Ihun da suka yi ba na mutane ba ne. Da'irar ta tsage. Batir suka zube ƙasa suna gangarawa.

Fitilar ba ta mutu ba.

Labaran ya ɗaga ɗan ƙarfen nan a gabansa ya afka cikin dawa, karan suna buɗewa suna yankar masa fuska. Da idon dama yana ganin turba. Da na hagu yana ganin bayan wani mutum mai gudu, haske na bin ƙeyarsa.

Bai san inda ya faɗi ba. Wasu manoman Boko masu dawowa daga gona ne suka tsince shi a bakin hanya ana kiran magariba, hannunsa dunƙule, suka kasa buɗe shi.

Ya warke, ya koma maƙera da ido ɗaya, amma bai sake taɓa tocila ba. Na hagun yana nan garau a fuska, sai dai da rana ba ya ganin komai da shi. Sifirin kuwa ya ɗinke shi cikin fata ya rataya a wuya. Kuma tun daga ranar kalmar nan ta "na sallama" ba ta sake fita bakinsa ba. In ciniki ya faɗa, kai kawai yake ɗagawa ya miƙa kaya.

Da almuru ne idon ke buɗewa. Yana zaune a tsakar gida sai ya ga jeji, ya ga saiwar tsamiya, ya ga turba tana tafiya. Da fari turbar Boko yake gani. Bayan kaka ya soma ganin ta Kaikai. Da bazara ya gane kukar da ke bakin Kankiya.

Wata rana Hawwa ta kawo masa tuwo, ta tarar ya ƙame, ya ba ƙofar zaure baya, hannunsa a kan layar wuyansa.

"Malam, mi kake gani?"

"Ke nake gani," ya ce. "Da ni. Daga baya."

Ta waiwaya. Zauren duhu ne, ba kowa. Labaran bai juya ba. Ya ce da ƙofar a hankali, "Albarka."