Babban Yatsan Sallau

Ku matso, ku rage murya. Kun san Sallau mai gyaran kwamfuta, wanda kullum babban yatsansa ke naɗe da tsumma? Ba yanka ba ne.

Sallau mutum ne mai taurin kai. Wata Juma'a layinsu duk an tafi masallaci, shi ya ce aiki ya yi masa yawa. Kasuwa ta yi tsit. Sai ga wata doguwar mata da kwamfutar tebur a ka, ba gammo, ba sallama. Ta dire ta, ta jefa masa katin intanet, irin wanda ake sakawa a cikin kwamfuta.

"Saka shi. Saƙo zan aika wa 'yata a ƙarƙashin kogi. In akwatin nan bai kai ba, kai za ka kai da ƙafarka."

"Baba, ba a yi mini tsawa a shagona."

"Ban haifi marar sallah ba. Yi aiki."

Tana tsaye a gabansa, amma muryar daga bayan ƙeyarsa take fitowa.

Ya kwance murfin, ya zura katin a raminsa, ya ɗaure da noti, ya jona waya, ya kunna. Kwamfuta ba ta ga kati ba. Sai ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ruwa ne, baƙi, yana tsattsafowa daga siminti.

Ya kashe, ya goge haƙoran katin, ya sake rami. Shiru. Ruwa ya kai gwiwa. Ya ɗora manhajar katin daga faifai. 'Yar koriyar fitilar katin ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ashe sunan banza gare ka," in ji muryar. "Tuɓe takalmi. Hanya da nisa."

Ruwa na ƙugunsa lokacin da ya lura cewa ƙarfen katin a lanƙwashe yake. Da ya ɗaure noti, sai gindin ya ɗaga daga ramin. Shi da bakinsa yake hana mutane taɓa cikin kwamfuta tana kunne, amma tsoro ya ci ƙarfinsa. Ya kwance notin, ya danne katin da babban yatsa.

Fitila ta kawo. Wani abu mai sanyi ya bi ta yatsan, ya ratsa hannunsa, ya wuce.

Ruwan ya janye. Ba kwamfuta, ba mata. Muryar kaɗai ta rage, dab da kunnensa.

"Ta jikinka saƙon ya bi. Ta jikinka amsa za ta dawo."

Har yau yatsan nan a jiƙe yake, a yamutse kamar na mai wanki. Duk Juma'a da tsakar rana sai ya hau harbawa, Sallau ya buɗe baki, muryar wata yarinya ta fito tana kiran uwarta.

Shi ya sa yanzu yake riga ladan zuwa masallaci. Ku kuma, in layi ya watse ranar Juma'a, kada wanda ya zauna shago shi kaɗai.