Inuwar Zayyanu

"Wallahi ba ni ba da shi! Kun kwashi akwatuna ban ce uffan ba, amma wanga hoto nau na!"

Raliya ce ke kuka a tsakar gidansu da ke Tambuwal, ta ƙanƙame hoton a ƙirji. Kamila, ƙanwar Zayyanu, ta sunkuyar da kai.

"Anti, ba ni nic ce ba... Goggo ta aiko ni. Ki ɗauke shi a waya ki ba mu na takarda."

"Waya na da rubutun hannunai?"

Saura sati uku a ɗaura musu aure babur ya kife da Zayyanu a hanyar Kebbe, kyamararsa ma ba ta tsira ba. Raliya ba ta da takaba, ba ta da gado, lefe kuma ya koma hannun magada. Hoton nan kaɗai ya rage mata.

Shi kuwa Zayyanu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai. Duniya na ɗaukar hoto mai launi, shi sai baƙi da fari, kuma ba amare yake bi ba, sai tsohon turmi da ƙwarya mai ɗinki. Takan tsokane shi ta ce ko launi ne ya ƙare a kasuwa. Ranar da ya ce yana sonta ya miƙa mata hoton ƙwaryar nonon mahaifiyarsa, ga inuwarsa ta faɗo a gefe riƙe da kyamara. A baya ya rubuta: "Abin da nika so duka, ke ad da shi, Rali na."

Washegarin zuwan Kamila, Raliya ta ɗauki hoton ta hau babur zuwa Kebbe wurin Goggo, mahaifiyar Zayyanu, zuciyarta cike da haushi. Wace irin uwa ce wannan? Ranar rasuwa ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba, sai yanzu za ta raba marainiyar soyayya da takarda guda!

Ta sami Goggo a kan tabarma tana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Goggo, ga hotunan fuskatai nan cike da wayar Kamila. Don mi sai wanga? Ko shi ba shi ciki, inuwa ta kawai!"

Tsohuwar ta dakata da jan carbin.

"Ɗiyata... yaron nan ɗan fari na ne. Kin san kunyarmu. Shekara talatin ban taɓa kiran sunanai ba, ban taɓa tsayawa na ƙare mai kallo ba. In ya shigo gaisuwa, ƙasa nika dubi."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Sun nuna min na waya, wani kyakkyawan saurayi. Ban iya riƙe shi a rai ba. Ni inuwatai na sani, tun tana 'yar guntuwa bakin ƙofag ga hat ta kai tsakar gida."

Haushin Raliya ya zube nan take, tausayi ya maye gurbinsa. Ta juya hoton, ta karanta rubutun sau ɗaya, ta sake karantawa. Hannunta ya ƙi sakinsa. Da ƙyar ta ajiye shi a kan tabarmar.

Goggo ta jawo shi kusa da ido. Ta bi inuwar da ɗan yatsa, daga hula zuwa kafaɗa, a hankali kamar mai tsoron ta tashe shi daga barci.

"Ya rame..." ta faɗa, hawaye na sauka kan carbinta. "Raliya, ba shi cin abinci ne can Tambuwal?"

Raliya ta kifa kai a cinyar tsohuwar, ta fashe da kuka.