Hannun da Ɗantala Ya Ƙona

Wayyo maraici! Rana tsaka, a bayan rumbu, Zalihatu tana durƙushe da ƙwarya a cinya, bayanta duk sawun bulalar jiya, hawaye na ɗiga a kan zanen da take ƙonawa da wuƙa mai zafi. Ubanta shi ne gwanin zanen ƙwarya na Matankari, a gindinsa ta tashi tana jan layi a ƙasa da tsinke tun ba ta iya magana ba. Da ya rasu, ƙaninsa Ɗantala ya ɗauke ta, ya ɗauki wuƙaƙen, ya kuma ɗauki sunan. Ita ke zane a ɓoye, ko motsin kaza ta ji sai ta ajiye wuƙa, shi kuwa ya kai kasuwar Dutsi yana ta bugun ƙirji wai aikin ɗansa Jibo ne, Jibon da ko da'ira bai iya rufewa ba!

Ana nan sai Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya ga ƙwaryar ya yaba. Ya ce mai wannan hannu za a ɗauke shi ya riƙa zana allunan kasuwa da na hanya, kuma ba shi ba aikin dole. Ɗantala ya tura ɗansa gaba. Amma wata tsohuwar maƙwabciyarsu, Kaltume, wadda bakinta ba ya riƙe gaskiya ta kwana, ta tare tafinta, mai yi wa Kumandan fassara, ta faɗa masa ko wa ke zanen. Sai aka yi umarni ranar kasuwa a kawo Jibo da Zalihatu, kowa ya zana a gaban jama'a.

Ranar da labari ya iso gida, Ɗantala ya shaƙo wuyan yarinyar ya maka ta da ginin rumbu har goshinta ya fashe. Ya taka ta, ya ja ta a ƙasa zuwa murhu, Jibo ya danne mata kafaɗu.

"Baba, don Allah, don darajar ɗan'uwanka da ke kabari! Ban hwaɗa ma kowa ba, wallahi ban hwaɗa ba!"

"Ke ɗiyag ga, ni za ki tozarta cikin Arewa? In gani da mi za ki zane!"

Ya zaro wuƙar ubanta daga wuta, ta yi jajir, ya shimfiɗa ta a tafin hannunta na dama ya danna... Ƙarar da Zalihatu ta yi har tsuntsayen kan gawo sai da suka watse! Ƙaurin nama ya cika gidan. Ta suma, ta farfaɗo, ba abin da ke fita bakinta sai, "Allah kana gani... Allah kana gani..." Ɗantala ya fita ya shaida wa unguwa wai farfaɗiya ta kayar da ita cikin wuta. Kaltume ce ta shigo tana kuka, ta shafa mata magani, ta ɗaure hannun da tsumma.

Ranar kasuwa, a kan jakin Kaltume aka kai ta Dutsi, zazzaɓi na kaɗa ta. Aka jingina alluna biyu, aka ajiye gawayi. Jibo ya yi ta gumi, ya zana wani abu da ya ce raƙumi ne, mutane na ta gardama ko tulu ne. Ɗantala ko a jikinsa, ya san ba abokin gasa.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa tafinta, "ɗiyar ba ta da hannu, a sallame mu."

Zalihatu ta dubi allon, ta yi bisimilla, ta miƙa hannun hagu ta ɗauki gawayi. Ashe bahaguwa ce! Tun tana ƙarama ake dukanta in ta miƙa hagu, shi ya sa take ci da dama, take gaisuwa da dama, zane kuwa sai inda ba ido. Layi ya bi layi, ga ayarin raƙuma, ga dutsen garin, ga ƙawa ta zagaye gefe. Ɗantala ya zabura, idanu waje, ya manta inda yake.

"Ƙarya ta! Tsahi na! Ni da kaina nik ƙone hannun da taka zane da shi!"

Baki shi ke yanka wuya. Tafinta ya juya wa Kumandan maganar kalma kalma, Kaltume ta kwance tsumman, jama'a suka ga sawun wuƙa ɓaro-ɓaro a tafin marainiya, mata suka ɗora hannu a ka suna salati. Nan take aka kwantar da uba da ɗa, aka yi musu bulala har riga ta manne da jini, aka tasa su zuwa fasa dutse a hanyar Matankari. Ni dai ban ji tausayinsu ba ko kaɗan.

Zalihatu ta koma ɗakin Kaltume, yatsunta uku ba su ƙara miƙewa ba. Aka koya mata baƙaƙen Nasara, cikin wata biyu ta gama allonta na farko, na mararrabar hanya, da sunanta ƙarami a ƙasa. Da aka zo kafa shi, Ɗantala aka ba diga ya haƙa ramin, aka ce ya rungume allon ya riƙe shi daidai har a gama cike ƙasa. Ya riƙe, fuskarsa dab da sunan, jama'a na wucewa suna tambayar wane gwani ne ya zana, mai gadin masu fasa dutsen ya zungure shi da gindin bindiga.

"Ba su amsa, tsoho."

"Zalihatu ta," in ji Ɗantala. "Ɗiyar wana."