Ramar Muzdalifa

A tashar motar Bunguɗu da ke Gusau Mannir ya fara ganinta, zaune kan benci, gumi na tsattsafo mata a goshi. Siririya ce ƙwarai.

"Malama, lafiya?"

"Sugana ne ya sauka," ta ce da ƙyar. "Don Allah samo min abu mai zaƙi."

Da gudu ya sayo lemon kwalba. Bai tafi ba sai da idonta ya washe, ta yi masa murmushi mai kunya. Sunanta Muzdalifa, 'yar Bunguɗu, ɗinki take koyo a Sabon Gari. Tun tana ƙarama take allurar ciwon suga. Shi kuwa malamin firamare ne a Tsafe. Kafin motar Bunguɗu ta cika ya karɓi lambarta.

Soyayya ta yi ƙarfi har magana ta kai gida. Ranar da Inna Lantana, mahaifiyar Mannir, ta ga hotonta a waya, sai ta ajiye wayar a hankali.

"Mannir, wagga yarinya lafiya take? Ina za ta iya ɗaukar ciki? Ga Saude ɗiyar ƙanina, cikakkar mace, mi ka rasa gare ta?"

"Inna, suga ne kawai."

"Kawai? Ni ban yarda ba."

Saude ce da kanta ta kai labarin har Bunguɗu, wajen wani biki, ta faɗa a gaban ƙawaye tana dariya. Da yamma saƙo ya shigo wayar Mannir:

"Nurina, na ji abin da Inna ta ce. Ka ba ni lokaci kaɗan, zan ciko."

Ya amsa: "Zumata, ni ban ce ki canja ba. Kada ki yi abin da likita bai sani ba."

Ba ta ji ba. Wata mai gyaran amare ta haɗa mata madarar gwangwani da zuma da dabino, ta ce ta sha safe da yamma. Muzdalifa ta ɓoye wa kowa. Ƙishirwa ta dame ta, fitsari ba tsayawa, kuma maimakon ta ciko sai wuyan rigarta ya ƙara faɗi. Kunya ta hana ta ɗaukar wayarsa. Mannir ya kira har ya gaji, zuciyarsa na raya masa ta haƙura da shi ne. A aji ma sai ya tsaya da alli a hannu, ya manta abin da yake rubutawa.

Sai ga kiran yayanta Mas'udu: tana ta amai, an wuce da ita asibiti a Gusau.

Mannir ya same ta kwance, ana yi mata ƙarin ruwa, leɓenta a bushe. Ta juya fuska bango.

"Na so Inna ta gan ni kamar sauran mata," ta ce tana kuka.

"Da kin mutu, wa zan nuna mata?" in ji Mannir.

Likitar da ke duba ta, wata dattijuwa, ta zauna bakin gado. "'Yata, hawan suga shi ne ke cinye ki. In ya daidaita, jiki zai riƙe abinci. Ki ci wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, kindirmo ba suga. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, tuwo daidai misali. Allurarki kuma za mu gyara ta, ki riƙa gwaji."

Mannir ya koma Tsafe ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya faɗa mata komai. Inna Lantana ta dube shi.

"Don maganata ta yi haka?"

"Eh, Inna."

Washegari ta ɗauki mayafi ta ce ya kai ta. A asibitin ba Muzdalifa ta fara nema ba, likitar ta tare. "Ki faɗa mani gaskiya, tana haihuwa?"

"Da kulawa da awo tun da wuri, masu irin ciwonta da yawa sun haihu, Hajiya. Sauran na Allah ne."

Inna Lantana ta shiga ɗakin, ta kama siririn hannun ta riƙe. "Ki yafe mani, ɗiyata."

Daga nan duk mako sai kwano ya taso daga Tsafe: kwaɗon zogale da ƙuli, soyayyar gyaɗa, wani lokaci farfesun kaza. Cikowar ba ta zo da sauri ba. Akwai makon da sikeli bai motsa ba, ta rubuto: "Nurina, ina tsoro." Ya amsa: "Me na'urar gwajin suga ta nuna yau?" Ta ce daidai. Ya ce: "To alhamdu lillahi, ci abincinki."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Bunguɗu. Har yanzu siririya ce, amma kumatunta sun ɗan fito, idonta ya yi haske. Da ƙawaye suka miƙo mata kofin madara mai zaƙi, Inna Lantana ce ta tare da hannu.

"Wannan ba na ɗiyata ba ne. Ku kawo mata kindirmo."

Ta haɗa hannun Muzdalifa da na Mannir cikin nata. "Allah ya ba ku lafiya da zama lafiya, ya albarkace ku da zuri'a ɗayyiba."

Ɗaki ya ɗauka da amin. Muzdalifa ta sunkuyar da kai ƙarƙashin mayafi, tana dariya tana share hawaye.