A Bar Mana Ita

"Ina ɗiyata?!"

Bara'atu ce tsaye bakin ƙofar ɗakinta, tururin wankan jego bai gama barin jikinta ba. Gado wayam. Sai zanen goyo a yashe, da ɗan gurbin da kan jaririyar ya bari a katifa.

Gwaggo Zulai, ƙanwar babanta da ta zo daga Ƙaura don yi mata wanka, ta leƙo da ganyen darbejiya a hannu.

"Ke, lahiya? Ba nan munka bar ta tana kwana ba?"

Bara'atu ba ta tsaya amsawa ba, ta bi ƙofar baya ko takalmi babu. Can bayan danga, inda ake zubar da shara da toka, ta hango uwar mijinta, Inna Sodangi, a durƙushe. Ta shimfiɗa faifai bisa juji, tana shirin kwantar da jaririya 'yar kwana shida.

"Inna!"

Ba ta san lokacin da ta fizge 'yarta ba. Ita da ko ido ba ta haɗawa da surukarta.

"Bisa juji, Inna? Bisa shara?"

"Ajewa kawai za ni yi in ɗauke, ɗiyata. A ce mata Ajuji, ko mutuwa ta raina ta ta wuce..."

"Lalle!" Gwaggo Zulai ta iso tana haki. "To mu gidanmu ba mu gaji camhi ba. Kun riga kun laƙa wa yarinya sunan mai wabi, yanzu kuma jinjirar za ku mayar shara? Gobe ana yanka rago mu kama hanyar Ƙaura, ita da ɗiyarta. In shina son aurenai ya biyo da manyanai!"

Mai wabi. Macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa. Bara'atu ta sha jin kalmar a bakin rijiyar Dauran, garin mijinta, ana faɗa ana kallon gefe.

Ta koma ɗaki, ta rufo ƙofa, ta zauna tana kuka ba sauti.

Mus'ab ya yi wata biyu a duniya. Asiya ta yi huɗu, har ta fara dariya. Duka biyun ita da mijinta Mubashir suka zaɓi sunayensu tun ciki bai fito ba, yana karanto ma'ana daga wani ɗan littafi da ya sayo a kasuwar Shinkafi, tana cewa wannan ya yi tsawo, wancan na tsofaffi ne.

Amma wannan karon...

Kwana shida bai ɗauki yarinyar ba. Kiran salla a kunne ma liman ya sa ya yi mata. Zai tsaya daga ƙofa ya ce, "Sannu, kun tashi lahiya?" ya ajiye tsire da kayan yaji, ya ja motarsa ta haya ya tafi. Gobe suna, har yanzu bai ce ga sunan da za a raɗa ba. Mutumin da, lokacin yana neman aurenta, ya yi shekara guda yana hana kowa kujerar gaba a tashar Ƙaura, wai ko za ta zo!

Ashe shi ma ya gaji da ita, ya yarda da abin da ake faɗa.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Inna Sodangi ce, da kwanon kunun kanwa. Ta zauna ƙasa daga nesa kamar baƙuwa.

"Na ba ki tsoro. Ki yahe mani."

Kunya ta rufe Bara'atu. Ta sauko daga gado ta sunkuyar da kai.

"Ni ta da laihi, Inna."

"Sha kununki. Kin san mi yas sa duk garin ga ka ce ma mijinki Bawa?"

"Na ɗauka suna na kawai."

"Babu sunan da ad kawai." Inna ta gyara zama. "Ƙanwata Yalwa, shekarar da rumbuna sunka kasa ɗaukar gero anka haihe ta. Ƙanena Jatau, hwari yaz zo kamar Bahillace. Ni kau dangi sunka yi ta rububin ɗaukata, anka ce Sodangi. Mu ba mu iya rubutu ba, ga sunayen ɗiyanmu muka aje labari."

Ta murza bakin zanenta.

"Huɗu nir rufe kahin shi. Huɗu! Da yaz zo, jujin nan da kinka gani nan nik kwantar da shi. Wata tsohuwa tat tsince shi, nib ba ta mudun gero tam mayar mani. Nic ce wanga ba ɗana na ba, bawa na nis saya. Malamai sun ce ba kyau, na kuma sani rai ga Allah yake. Amma uwa in ta rasa abin yi, ɗiyata, ba ta iya zama hannu sake."

Bara'atu ta ɗago tana kallonta. Shekara biyar suna cin tuwo tukunya ɗaya, ba ta taɓa jin wannan ba.

"Kuma wata guda niy yi ban dubi huskatai da kyau ba," in ji Inna tana miƙewa. "Kada in saba."

Ta fita ta ja ƙofa.

Kada in saba... Bara'atu ta daɗe zaune, kunun yana hucewa a gabanta.

Da la'asar ta ji tsayuwar motarsa. Ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa, ƙurar hanya a girarsa, leda a hannu.

"Sannu. Kun wuni lahiya?"

"Shigo."

"Bari in..."

"Shigo, Yaya. Don Allah."

Ya shigo yana kallon bango. Ta tashi ta tsaya tsakaninsa da ƙofa.

"Gwaggo ta ce gobe mu tahi gida."

Ledar ta suɓuce daga hannunsa.

"Ki tahi? Sanyin idona, mi niy yi?"

"Ba ka yi komi ba. Shi na laihin. Kwana shida ina jiran ka dube ta. Na ce ko ka gaji da mai wabi."

"Kada ki sake hwaɗin haka!" Muryarsa ta karye. "Wallahi ko duniya ta taru ba ni canza ki. Ni... ni na ɗauki Mus'ab zuwa maƙabarta da hannun ga. Ni na ɗauki Asiya. Ba su da nauyi, Bara'atu, ba su da nauyi ko kaɗan. Duk sunan da nit tuna, sai in ji ana hwaɗinai wurin ta'aziyya. Ina tsoro."

"Ni hwa? Ka ɗauka ba ni tsoro? Ni ka shayar da ita. Ni ba ni da ƙohwar da za ni tsaya."

Ya rufe fuska da tafin hannu.

Ta juya ta ɗauko jaririyar, ta ɗora masa a ƙirji, ta janye hannuwanta gaba ɗaya. Dole ya tare.

"Bara'atu, karɓi..."

"Ba ni karɓa."

"Hannuna da datti."

"Ɗiyar direba ta, ta saba tun yanzu."

Dariya ta ƙwace masa tare da hawaye. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta buɗe ido ɗaya kamar mai tuhuma, ta kama maɓallin rigarsa ta riƙe gam.

"Dubi hancinta," ya ce a hankali. "Wanga ai na Inna na. Allah sarki, an cuce ki, yarinya."

"Sai na hwaɗa mata!"

"Ruhwa mani asiri, masoyiya."

Ya zauna bakin gado, ya daɗe yana kallonta, yatsa bayan yatsa. Sannan ya sunkuya ya raɗa wani abu a kunnenta na dama.

"Mi kac ce mata?"

"Ilham. Abin da Allah ka jehwa ma bawanai ga zuciya ba tare da ya nema ba. Tun ran da anka haihe ta shi ka zo mani, ina korarshi."

"Ilham," ta maimaita, tana jingina kanta a kafaɗarsa. "In kwana ɗari Allah yab ba mu da ita, mu so ta kwana ɗari. In shekara ɗari ta..."

"Shekara ɗari za mu roƙa."

Washegari da safe liman ya raɗa suna a ƙofar gida, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Gwaggo Zulai ta fito da jakarta a ɗaure. Sai ta ga angon ƙarni zaune tsakar gida cikin mata, ba ko kunya, ya hana kowa ɗaukar jaririya. Ta ja tsaki.

"Wanga kuma yau ya gano shina da ɗiya? To ni ba ni barin wanka rabi. Ku aza mani ruwa!"

Inna Sodangi tana can gefe wajen murhu, ba ta matso ba tun jiya. Bara'atu ta karɓi 'yarta da ƙyar daga hannun uban, ta ratsa mata, ta durƙusa a gabanta.

"Inna, uba ya ba da nashi. Saura na kaka. Amma ban da juji."

Tsohuwar ta goge hannu a zane har sau biyu kafin ta karɓa.

"To ba ni ɓoye ta, ba ni kuma yi ma kowa dabara. Roƙo za ni yi a hili." Ta ɗaga jaririyar kaɗan. "Abarta. Ya Allah, wagga a bar mana ita."

"Amin," in ji matan gidan baki ɗaya.

Ta Gwaggo Zulai ta fi ta kowa ƙarfi.