Littafin Yayar Injiniya

Mai Sharhi na zaune a falo da littafi a cinyarta, can sai ta ja dogon tsaki ta yi jifa da shi kan kujera.

"Ke lafiya?" Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Cizon ki ya yi?"

"Ai gara cizo, Mama! Wallahi zuciyata tashi take yi."

Aikinta ne ya jawo mata sunan Mai Sharhi. Duk Asabar takan ɗauki sabon littafin labari ta yi sharhinsa a gidan rediyo, ta yabi abin yabo, ta faɗi aibu ba cin fuska. Wannan littafi kuwa na yayar Injiniya ne, saurayin da ake shirin aurensu. Yayar tasa, wadda suke kira Anti, ita ta rubuta shi, kuma da kanta ta aiko da shi, da saƙon tana jiran yabo ranar Asabar.

Rubutun kam sai addu'a. Jarumar ba ta da aiki sai suma, motar jarumin takan sake launi daga shafi zuwa shafi, tsohon da aka binne a farko ya dawo yana shan shayi a tsakiya. Duk wannan mai gyaruwa ne. Abin da ya tayar mata da zuciya shi ne wata yarinya mai i'ina da aka cusa a labarin don a yi dariya kawai: yadda harshenta ke sarƙewa, yadda samari ke kwaikwayonta, har tabon ƙuna a wuyan hannunta. Auta ce sak, ƙanwar Anti da Injiniya, uwa ɗaya uba ɗaya!

Da Injiniya ya zo da yamma, ta tare shi da tambaya. "Ka karanta littafin nan?"

"Ni da littafin soyayya? Haba! Ki dai ce ya yi daɗi, kowa ya huta."

"In yabi littafin da aka ci mutuncin ƙanwarka a ciki?"

"Ke kin cika fassara, labari ne fa. Anti ce ta riƙe ni bayan rasuwar Baba. Da wane ido zan kalle ta?"

Ta dube shi sama da ƙasa. Ranar ce ta fara jin ƙyamar murmushin nan nasa.

Washegari ta sami Anti a shagonta na kayan kwalliya, ta rage murya. "Anti, don Allah ki cire yarinyar nan kafin littafin ya bazu. Auta za ta gane kanta."

Anti ta yi shewa har da tafi. "Iye! Ba ki shigo gidan ba kin fara mulki? Wurin nan ne kowa ke mutuwa da dariya! Ko ki yaba, ko ki nemi wani mijin — zaɓi ya rage naki."

Ranar Asabar Mai Sharhi ta shiga sitidiyo da wani littafi daban, ba ta ko ambaci na Anti ba. Kafin ta iso gida an kai wa Umma, mahaifiyar Injiniya, labarin cewa budurwar ɗanta ta raina danginsu. Aka aiko a dakata da maganar aure. Injiniya ya daina kira.

"Ki fallasa ta a rediyon mana!" in ji Mama cikin fushi.

"In na fallasa, Auta na fallasa, Mama," ta faɗa tana share hawaye. "Kowa zai ruga neman shafin."

Haka ta haɗiye abin, tana zuwa aiki tana dawowa, ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta.

Rannan sai ga Injiniya a ƙofar gida, ido jawur. Ya ce Anti ta tara ƙawayenta a falon Umma, ta buɗe babin yarinyar mai i'ina tana karantawa da kwaikwayon murya, ana ta ƙyaƙyata dariya. Auta na shigowa da tiren lemo ta tsaya cak, ta ji har batun tabon. Tiren ya suɓuce, kofuna suka tarwatse.

Ya ci gaba da cewa, "Umma ta miƙe ta ce, ''Yar tawa kika sayar wa duniya?' Ni kuwa ina zaune kamar gunki. Sori, don Allah. Kin faɗa mini, na toshe kunne."

"Ba ni za ka fara ba wa haƙuri ba," ta ce. "Ka koma wurin Auta."

Da Injiniya ya ba ta labarin komai, Umma ta zo da ƙafarta, Auta na biye da ita. Tsohuwar ta kama hannun Mai Sharhi ta ce, "'Yata, kin rufa mana asirin da 'yar cikina ta tona. Ki yafe mini."

Auta ta daɗe tana kokawa da kalmar, ba wanda ya katse ta, har ta fito: "Na... na gode, Yaya."

An sa Anti ta kwashe littattafan daga kasuwa, aka yi auren cikin mutunci. Har yau gaisuwarta da amaryar ba ta wuce ta fatar baki ba, amma ba ta ƙara sa ɗan gidansu a labari don a yi masa dariya ba.

'Yan'uwa masu karatu, kada son wani ya sa ku yabi ƙazanta, kada kuma gaskiyarku ta zama wuƙar yanka marar laifi. Wanda ya riƙe gaskiya da haƙuri, Allah ba ya barin sa ya ji kunya.