Waliyyin da Ya Ƙi Fitowa

Ranar Litinin da safe, ana saura 'yan kwanaki bikin Waliyyi Nikolas, waya ta yi ƙara a ofishin 'yan sanda na tsakiyar Gent. Saja Pollet ya ɗauka, ya saurara, sannan ya nesanta ta da kunnensa saboda ƙarfin muryar da ke fita.

"Yallaɓai, an sace waliyyi," in ji shi.

Sufeto Tavernier ko ɗagowa bai yi ba. "A wace coci?"

"Ba coci ba. Gidan cakulan na Lammens. Madam Godelieve ce da kanta."

Nan take sufeto ya zari kwat ɗinsa. Mu mutanen Gent muna iya haƙuri da satar keke, har da ta mota. Amma a ce yaro ya ajiye takalminsa a bakin murhu daren biki ya wayi gari babu waliyyin cakulan na Lammens a ciki, wannan kam ai sai zanga-zanga.

Sun tarar da Madam Godelieve tsaye a tsakiyar shago, doguwa, busasshiya, da tarin makullai a ƙugu. Ta ba sufeto hannu, ya ji kamar ya damƙi kifi daga firji.

"Me aka ɗauka, Madam?"

"Ƙarfen zubi. Da shi muke zuba waliyyin, guda ɗaya ne a duniya."

Ta nuna wani kabad na gilashi, wayam. Ba a tambaye ta tarihi ba, amma sai da suka sha shi. Kakarta Leontine ce ta fara sana'ar da tukunya ɗaya a bayan shagon magani, lokacin da ake sayar da cakulan ga masu ciwon ƙirji. Ita ta sa maƙeri ya ƙera ƙarfen da fuskar mijinta, shi ya sa har yau waliyyin Lammens yake da karkataccen hanci.

"An fasa ƙofa?" Sufeto ya samu ya katse ta.

"Da makulli aka buɗe. Makulli biyu ne. Nawa a saman bene yake kwana, ɗayan yana hannun 'yata Hannelore." Ta yi ƙwafa. "Kullum ita ce a zuba barkono, a zuba gishiri, wai zamani. Ta kai wa Cyriel, mai shagon cakulan na tsallaken titi, na sani. In ƙarfen nan bai dawo ba kafin biki, ta bar gidan nan ke nan. Sunan Lammens ya ƙare a kaina, ya fi mini."

Sufeto ya duƙa. A gaban kabad ɗin akwai faranti cike da ƙananan cakulan, an ture shi gefe. A bayan guda ɗaya, ga shatin babban yatsa ya nutse, gefensa ya narke.

"Wannan fa?"

Madam ta duba, ta yamutsa fuska. "Ba na ma'aikatana ba ne. Tun zamanin Kaka, duk wanda zai shiga ɗakin aikinmu sai an ɗora masa cakulan a tafin hannu ya karanta addu'ar nan ta coci, Ubanmu, har ƙarshe. In ya narke, ga hanya nan. Mai ɗumin hannu ba ya taɓa mana kaya. Ka ga, har ta shigo mini da Cyriel ɗin ke nan."

"Saja, adana wannan. Shaida ce."

Pollet ya naɗe shi a leda, ya jefa a aljihun wando. Ku riƙe wannan a ranku, ku ga irin mutanen da muke biyan haraji dominsu.

Hannelore tana ɗakin aiki, tana juya narkakken cakulan a kan teburin dutse da faffaɗar wuƙa. Ta baza shi, ta tattaro, ta sake bazawa. Idonta ya yi ja, amma hannunta bai tsaya ba.

"Ba zan iya dakatawa ba, Yallaɓai. In na bar shi ya lalace."

"Me ya sa ake wahalar da shi haka?"

"Sai ya huce a hankali a kan dutse, a sake ɗumama shi kaɗan. In an yi daidai zai yi ƙyalli, ya tsuke, ya faɗo daga ƙarfe da kansa. In an yi gaggawa ya manne, ko da guduma ba ya fita."

"Jiya Lahadi da rana, shago a rufe, kina ina?"

"Gidan gwaggona."

"Sunanta?"

Ta ci gaba da juya cakulan. Daga aljihun rigarta da ke rataye, wani koren ƙyallen ɗaure kwali yana leƙowa. Sufeto ya zaro shi. Duk Gent an san na Lammens ruwan zinare ne, kore kuwa na Cyriel.

"Gwaggon taki Cyriel ce?"

Hannelore ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Don Allah kada Mama ta ji. Cakulan ɗinsa nake zuwa ci."

"Ci kawai?"

"Yana yin wani mai ɓawon lemo. Tun ina yarinya aka hana ni ɗanɗana na kowa. Yallaɓai, in ta ji na ci na Cyriel, gara ta ce ni na saci ƙarfen." Hawaye suka zubo, ta kau da kai don kada su ɗiga a teburi. "Ban iya komai ba sai wannan aikin. In ta kore ni ina za ni?"

Sufeto ya miƙa mata hannu. Nata ma sanyi ƙalau, har ya fi na uwar. Wannan yatsan ba zai narkar da komai ba.

Suka tsallaka titi. Cyriel gajere ne mai tumbi, da gashin baki a murɗe.

"Hannelore? Ban san ta ba," in ji shi. "Ni ko shagonsu ba na kalla."

"To wannan kujerar da ke fuskantar tagarsu fa, da madubin hangen nesa a kanta?"

"Tsuntsaye nake kallo."

"A watan sanyi, a kan titin da babu bishiya?"

Cyriel ya shafa gashin baki. "To, tana zuwa. Ta ƙofar baya. Ta ci, ta zage ni cewa sukari ya yi yawa, ta sake ci. Amma ƙarfensu me zan yi da shi? Waliyyi mai hanci kamar ƙugiya? Nawa kyakkyawa ne."

"Bari mu gwada yatsanka. Saja, kawo shaidar."

Pollet ya sa hannu a aljihu, fuskarsa ta canza. Ya fito da leda mai ɗauke da wani abu kamar kunu. Ashe tun ɗazu yana jingine da na'urar ɗumama ɗaki.

"Yallaɓai, shaida ta narke."

Sufeto ya rufe ido na ɗan lokaci. Cyriel kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, daɗi ya sa bakinsa ya buɗe.

"Tunda kun ba ni nishaɗi, bari in ba ku tukwici. Ranar Asabar, ina kallon tsuntsayena, na ga Oktaaf, mijin Madam, ya dawo daga babban kanti da jaka. Ya rufe samanta da ganyen albasa. Iska ta ɗaga ganyen. Kun san me na gani? Cakulan na kanti, mai arha, irin wanda ake yi wa yara kek da shi. Tuli guda. A gidan Lammens."

Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin kisan kai. Kuma gaskiyarsa, a unguwar nan babu bambanci sosai.

Oktaaf yana saman bene, a gidansu da ke kan shagon. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa da sanyin murya. Aikinsa tun da ya auri Madam shi ne ɗaure kwali da tuƙa motar kai kaya. Ya tarbe su da fara'a, ya ba sufeto hannu.

Hannun kamar burodin da aka fitar daga tanda yanzu. Sufeto ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

"Mista Oktaaf, jiya da rana kana ina?"

"Nan, gaban talabijin. Madam ta tafi ziyarar kabarin Kaka, ni ina kallon tseren keke."

"Madalla. Wa ya ci?"

Oktaaf ya kalli talabijin ɗin. "Ai... wannan yaron ne. Mai dogayen ƙafafu."

"Duk dogayen ƙafafu gare su."

"Mai jar riga."

Pollet ya girgiza kai da tausayi. Ko jaririn da aka haifa jiya a ƙasar nan ya san mai jar riga ya faɗa taɓo tun zagayen farko, aka kwashe shi a motar asibiti. Mutum ya yi ƙarya da komai, ban da keke.

"Wannan ƙaurin fa da nake ji?" in ji sufeto.

"Miyar albasa ce ta kama."

"Miyar albasa mai ƙamshin sukari? Saja, buɗe firjin."

Pollet ya buɗe. Madara, cuku, giya. Ya jawo akwatin ganye na ƙasa, ya ɗaga kabeji. Ga ƙarfen Kaka Leontine a kwance, a ɗaure da maɗauransa, baƙin cakulan ya tsattsafo ta gefensa ya bushe.

Daidai lokacin Madam ta hawo, Hannelore a bayanta. Ta ga ƙarfen kusa da kabeji, ta dafa bango.

"Oktaaf."

"Aro na yi, Godelieve. Na rana ɗaya. Na ɗauki makullinki a kan madubi." Ya zauna a kujera daɓas. "Na ce in zuba guda ɗaya tak, in wanke, in mayar kafin ki dawo. Na narkar a tukunyar miya na zuba. Ya ƙi fitowa. Na buga, na girgiza, na roƙe shi. Har addu'a na yi masa, shi da yake waliyyi."

"A tukunyar miya," in ji Madam a hankali. "Da wane cakulan?"

"Na kanti."

Pollet ya matso da kujera don ya ga alamar za ta faɗi. Ba ta faɗi ba, irin su ba sa faɗuwa.

Sufeto ya ce, "Ka ji ana zargin 'yarka tun safe, ka yi shiru?"

Nan Oktaaf ya sunkuyar da kai. "Wannan ne abin kunyar. Tsoro na ji. Ki yafe ni, Hannelore." Ya buɗe manyan tafukansa yana kallonsu. "Ranar da na zo neman aurenki, Godelieve, mahaifiyarki ta ɗora mini cakulan a nan. Ban kai rabin addu'a ba ya zama ruwa. Shekara arba'in ina ɗaure kwalin abin da aka hana ni taɓawa. Yara suna tambayata, Kawu Oktaaf, wanne ne ka yi? Sai in ce ƙyallen. Amma da sanyi ya shigo, wa yake ɗumama miki ƙafa? A nan hannun yake da amfani."

"Oktaaf, da baƙi a ɗakin."

"Su ji."

Wallahi ni dai tausayinsa na ji, duk da kabejin.

Madam ta daɗe tana kallon 'yarta. Neman gafara ba ya cikin abin da aka koya mata, bakinta ya motsa ya kasa. Sai ta kwance tarin makullan daga ƙugunta, ta ɗora a hannun Hannelore, ta ɗora ƙarfen a kai.

"Ki fitar da shi. Ki fara zubi yau. Barkono dai kada in gani a jikin waliyyi."

"To, Mama," in ji Hannelore.

Ta tsoma ƙarfen a ruwan ɗumi, ta kwance maɗauran, ta buɗe. Waliyyin Oktaaf ya fito da ƙyar. Ya yi fari-fari kamar mai ƙyasbi, rabin gemun ya maƙale, sandar hannunsa ta karye.

"Madam, za ki janye ƙara?" sufeto ya tambaya.

"Ba zan janye ba. Ku tafi da shi ya rubuta bayani. Amma ku dawo mini da shi kafin yamma, akwai kwalaye."

Pollet ya kama hannun Oktaaf. Sun kai bakin matakala dattijon ya tirje.

"Wani ya ɗanɗana mana. Ko kaɗan ne."

Kowa ya kau da kai, har Pollet da ba ya ƙin komai. Sai Madam ta miƙa dogayen yatsunta ta ɓalli hular waliyyin. A ɗakin aiki, abin da bai kai ba tofar da shi take yi a gaban mai shi, ko wane ne. Ta sa a baki. Ta tauna, ta tauna, fuskarta kamar mai shan magani.

"Kamar kyandir," ta ce. "Ban taɓa cin abu mai muni haka ba."

Suka sauka da shi. A cikin mota sufeto ya waiga, ya ga mai laifi yana murmushi har kunne, ido cike da hawaye.

"Kai da aka ce naka kamar kyandir, murnar me kake yi?"

Oktaaf ya share ido da bayan hannu.

"Ba ka lura ba, Yallaɓai? Ta haɗiye."